DARASI NA 14: TAKARDAR BARIN AIKI

Tun ran 27 ga Agusta 1991, da aka yi Jihar Jigawa aka mai da Dutse babban birninta, mutanen ƙauyukanmu suke shiga gari neman aiki. Daga Kiyawa, da Jahun, da Birnin Kudu, da Buji, wani ya sami gadi, wani masinja, wani direba, wani leburan gini. Amma in damina ta kawo kai, da yawa sukan so su koma gona. Wasu kuma sukan sami aikin da ya fi na da.

Barin aiki ba laifi ba ne. Abin da ba shi da kyau shi ne mutum ya sulale ba sallama. Wanda ya shiga gidan mutane da sallama, ya kamata ya fita da sallama. Sallamar wurin aiki kuwa a rubuce ake yin ta. Ita ake kira takardar barin aiki.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 11, ta faɗi tsawon notis da ma'aikaci zai ba maigidansa kafin ya tafi. Notis shi ne sanarwa tun da wuri. Ga yadda yake:

Wanda bai wuce wata 3 a aiki ba, kwana 1.
Wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 1.
Wanda ya yi shekara 2 amma bai kai 5 ba, mako 2.
Wanda ya yi shekara 5 ko fiye, wata 1.

Ku lura da abu uku. Na ɗaya, notis na mako 1 ko fiye dole ya zama a rubuce. Na biyu, ba a lissafa ranar da aka miƙa takardar. Na uku, dokar ta ce a biya ma'aikaci duk kuɗin aikinsa kafin notis ya ƙare, ko ranar da ya ƙare.

Wannan doka ta masu aikin ƙarfi ce da akawuna. In an ba ka takardar ɗaukar aiki, duba ta, gama wani wuri yakan nemi notis da ya fi haka tsawo. Ma'aikacin gwamnati kuma yana da nasa ƙa'idodin, sai ya tambaya a ofishinsu.

YADDA AKE RUBUTA TA

A ce Audu mutumin Kiyawa ne, ya yi shekara 3 yana gadi a wani gidan burodi a Dutse. Notis ɗinsa mako 2 ke nan. Ga takardarsa:

Kiyawa,
Jihar Jigawa.
5 ga Mayu 2025.

Zuwa ga Manaja.

Ranka ya daɗe,

BARIN AIKI

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da kai zan bar aikin gadi da nake yi tun watan Janairu 2022. Na ba da notis na mako 2. Ranar aikina ta ƙarshe ita ce Litinin, 19 ga Mayu 2025. Dalili kuwa zan koma gida noma.

Zan miƙa makullai da tocila da rigar aiki ga wanda ka ce. Ina roƙo a biya ni sauran albashina, a kuma ba ni takardar shaidar aiki.

Na gode da riƙon da aka yi mini. Allah ya bar zumunci.

Ni ne naka,
Audu mai gadi.

Kun ga takardar gajeriya ce. Ta faɗi ranar rubutu, da irin aikin, da ranar tafiya, da kayan da za a mayar, da hakkin da ake nema. Audu ya miƙa ta ran 5 ga wata, ya fara ƙirga daga ran 6, kwana 14 suka cika ran 19.

ABIN DA ZA A KIYAYE

Kada ka rubuta cikin fushi. Ko an ɓata maka rai, kada ka sa zagi ko gori. Magana zarar bunu ce, ta rubutu kuwa ta fi daɗewa, don ajiye ta ake yi. Watakila bayan kaka ka komo neman aiki a wannan wuri, ko sabon maigida ya aiko tambayar halinka.

Ka rubuta guda biyu. Ka miƙa ɗaya, ka roƙi wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan ɗayar, ka ajiye ta a gida. In gardama ta tashi a kan albashi, ita ce shaidarka.

In an ce sai da Turanci, ka fara rubuta taka da Hausa, sa'an nan ka nemi amintacce ya juya maka. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa sai an karanta maka, ka ji ta yi daidai da nufinka.

Ka ci gaba da zuwa aiki kan lokaci har ranar ƙarshe. Wanda ya gudu ba notis, ana iya bin sa kuɗin kwanakin notis, kuma da wuya ya sami takardar shaida.

TAMBAYOYI

1. Mutum ya yi wata 8 a aiki. Notis na kwana nawa zai bayar?
2. Don me ake rubuta takarda biyu?
3. An miƙa notis na mako 1 ran Laraba. Wace rana zai cika?

AIKIN GIDA

Kowa ya rubuta tasa takardar a littafinsa, ya sa sunan garinsa da kwanan watan yau. A kawo wa malami ran aji na gaba.