Nauyin da Ba a Gani: 'Yan Mata Baƙar Fata da Wariyar Launi a Amurka

Idan aka ambaci wariyar launin fata, abin da ya fi zuwa wa mutane a rai shi ne dokokin da suka hana baƙin mutum shiga wata makaranta ko zama a wata kujera cikin mota. An soke waɗannan dokoki a Amurka tun shekarun 1950 da 1960. Wannan darasi zai duba fannin da ba a cika magana a kai ba, wato abin da reni da ƙyama suke yi wa tunanin yarinya da jikinta, da kuma dalilin da ya sa na kusa da ita sukan makara kafin su gane.

A ranar 14 ga Nuwamba 1960, jami'an tsaro huɗu na gwamnatin tarayya suka raka Ruby Bridges, 'yar shekara 6, zuwa makarantar firamare ta William Frantz a birnin New Orleans. Ita ce baƙar fata ta farko da ta shiga wannan makaranta. Iyaye fararen fata suka janye 'ya'yansu, malamai suka ƙi koya mata, in ban da Barbara Henry, wadda ta shafe shekarar tana koyar da ita, ita kaɗai a aji. Kowace safiya taron jama'a yana bakin ƙofa yana ihu. Wata mata ta ɗaga baƙar 'yar tsana a cikin ƙaramin akwatin gawa, wata kuma ta riƙa yi mata barazanar sa mata guba. Mahaifinta ma aka sallame shi daga aiki.

Duniya ta ga hoton yarinya mai ƙarfin hali, har labari ya bazu cewa tana yi wa masu zaginta addu'a a kan hanya. Haka ɗin ne, abin yabo ne kuma. Amma a cikin aji Ruby ta daina cin abincin da ake ƙunso mata daga gida. Ɓoye shi take yi a kabad, ba a farga ba sai da ya lalace. Da dare kuma mugun mafarki yakan tashe ta. Daga nan malamarta ta fara zama tare da ita lokacin cin abinci, wani likitan ƙwaƙwalwar yara mai suna Robert Coles kuma yana ziyartarta a gida. Ya kamata mai karatu ya lura cewa addu'ar yarinyar da zuwan likitan tare suka tafi, babu wanda ya hana ɗan'uwansa.

Tun kafin wannan, a shekarun 1940, Mamie Phipps Clark da mijinta Kenneth Clark, masanan halayyar ɗan Adam, sun nuna wa yara baƙar fata masu shekara 3 zuwa 7 'yan tsana farare da baƙaƙe. Yawancin yaran suka zaɓi farar a matsayin mai kyau. Kotun Ƙoli ta Amurka ta ambaci aikinsu a hukuncin 1954 da ya haramta raba makarantun gwamnati bisa launi.

Doka ta canja, amma idon da ake kallon yarinyar da shi bai canja da sauri haka ba. A 2017 wata cibiya a sashen shari'a na Jami'ar Georgetown ta yi wa manya 325 tambayoyi, ta tarar suna ganin yarinya baƙar fata, tun daga shekara 5, ba ta bukatar lallashi da kariya kamar takwararta farar fata. Kallon babba ake yi mata tun tana ƙarama. Idan ta yi kuka sai a ce rigima ce, idan ta yi tambaya a ce tsaurin ido.

Jiki ma yana ɗaukar rabonsa. A 1992 Arline Geronimus ta Jami'ar Michigan ta kawo bayanin da za a iya kira zaizayewa. Duk wanda ya zauna a gidan ƙasa ya san ba ruwan dare ɗaya ne yake kayar da katanga ba. Damina bayan damina ce take cinta. Duk lokacin da mutum ya ji barazana, jiki yakan saki sinadarai irin su kotisol, zuciya ta ƙara bugawa, jini ya hau. An yi wannan shiri ne domin haɗarin ɗan lokaci. Idan ya zama na kullum, a kanti inda mai gadi yake bin ta, a aji inda ake dariyar gashinta, a asibiti inda ba a yarda da ciwonta ba, sai barci ya lalace, hawan jini da ciwon damuwa su sami ƙofa. A binciken da ta fitar tare da abokan aikinta a 2010, sun ƙiyasta cewa ƙwayoyin jikin mata baƙar fata masu shekara 49 zuwa 55 sun tsufa da kimanin shekara bakwai da rabi fiye da na fararen mata sa'o'insu.

Abin da ya fi wuyar magani shi ne wanda ya zo da kamannin yabo. A 2010 Cheryl Woods-Giscombé, malamar aikin jinya, ta tattauna da mata baƙar fata, ta bayyana halin da suka gada daga iyaye da kakanni: dole a nuna ƙarfi, a danne abin da ke rai, kada a nemi taimako, a sa bukatun kowa gaba da na kai. Wannan hali ya raya iyalai a zamanin bauta da bayansa, ba abin renawa ba ne. Sai dai macen da kowa yake kira jaruma, da wuya a tambaye ta ko ta yi barci jiya.

Iyalai da yawa a Najeriya suna da 'ya'ya mata masu karatu ko aiki a Amurka da Ingila. Yarinyar da ta girma a Jos ko Yola ba ta taɓa ɗaukar launinta abin lura ba sai da ta sauka can. Idan ta kira gida ta fara ba da labari, amsar da ta fi kusa da baki ita ce a yi haƙuri, ai dama ce wasu suke nema. Da jin haka takan yi shiru, don ta san an sayar da gona ko an ci bashi kafin ta tafi. Ya fi amfani uwa ko fasto su bar ta ta kai ƙarshen maganarta, su gaskata ta, sa'an nan su tambaye ta batun ci da barci da waɗanda take hulɗa da su. Idan rashin barci, ƙin abinci ko guje wa mutane ya wuce mako biyu, lokacin ganin likita ya yi, kuma yawancin jami'o'in can suna da ofishin ba ɗalibai shawara. Idan kuwa ta ambaci gajiya da rayuwa, a ranar za a nemi wanda yake kusa da ita ya kai ta asibiti.