Ma'anar Kalmar "Diyus" a Wasan Tanis

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so in bayyana muku wata kalma da alƙalin wasan tanis kan faɗa, watau "diyus". Asalinta daga Faransanci ne, daga kalmarsu mai nufin biyu.

Ga yadda akan ƙidaya ci a tanis. Ci na fari 15, na biyu 30, na uku 40, na huɗu kuwa shi ke gama zagaye. Amma in kowannensu ya kai 40, sai alƙali ya ce "diyus". Daga nan ci ɗaya ba ya isa, sai mutum ya ci biyu a jere. In ya ci na fari, a ce yana da rinjaye. In ya ƙara, zagaye ya zama nasa. In kuwa abokin wasansa ya rama, an koma diyus ke nan, ko da sau goma ne.

A ƙwallon tebur ma akwai irin wannan ka'ida. Dā wasa kan ƙare a 21, amma tun 2001 aka mai da shi 11. In an yi kunnen doki 10 da 10, sai wanda ya wuce da biyu ya yi nasara.

Shawarata ita ce mu koya wa yara wannan tun a aji, kafin a fita fili. Yaron da bai san ta ba, da ya ci ɗaya sai ya ajiye abin bugu yana murna, sa'an nan gardama ta tashi, wasa ya watse.