Ɗaukaka ƙara na dakatar da hukuncin kotu?

Wani mai sauraronmu daga Zariya yana tambaya: kotun shari'a ta ba tsohuwar matarsa riƙon yara, ta kuma yanka masa kuɗin ciyarwa duk wata. Ya ɗaukaka ƙara. Shin zai iya daina biya har a gama?

To malam, a'a. A dokar Najeriya, ɗaukaka ƙara kaɗai ba ya tsayar da hukunci. Sai ka shigar da buƙata ta daban, ta neman a dakatar da aiwatarwa, kuma yawanci a kotun da ta yanke hukuncin ake fara nema. In ta ƙi, sai ka garzaya kotun da ke sama.

Alƙali ba ya bayarwa haka kawai. Tun shari'ar Vaswani da Savalakh a Kotun Ƙoli a 1972, ƙa'idar ita ce wanda ya yi nasara ya ci moriyar nasararsa, sai in an nuna dalili na musamman, kamar a ce aiwatarwar za ta lalata abin da ake shari'a a kai. Rabon gado ya fi shiga nan: gidan da aka sayar aka raba kuɗinsa, da wuya ya dawo.

Amma ciyar da yara? Da kamar wuya. Yaro ba zai jira ƙarshen shari'a ba kafin ya ci tuwo, kuma maslaharsa alƙali ke fara dubawa. Ci gaba da biya, ka adana rasit, domin ƙin biya raina kotu ne.