Gyaran Sitiyarin Tsohuwar Mota

Kai mai karatu, in kana tuƙin tsohuwar a-kori-kura, ko kuwa kana yaron mota, wannan darasi naka ne. Wata rana za ka ga motar tana yawo bisa hanya, ka juya sitiyari amma ƙafafu ba su bi nan da nan ba. To, sitiyari ya yi sako-sako ke nan. Kada ka raina wannan ciwo, gama ran mutanen da ka ɗauko a hannunka yake.

Motar da muke zance irin Toyota Hilux ce ta shekarun 1980 da 1990, wadda ke da akwatin sitiyari. Peugeot 404 da 504, waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, ƙirar sitiyarinsu dabam ce. Amma binciken gaɓoɓi duka ɗaya ne.

Yadda sitiyari ke aiki

In ka juya sitiyari, sandarsa ta juya ƙarfen da ke cikin akwati. Akwati ya motsa wani hannun ƙarfe da ke ƙarƙashinsa. Hannun nan ya ja sanduna, sanduna su ja ƙafafun gaba. A bakin kowace sanda akwai gaɓa mai kai kamar ƙwallo, makanikai suna ce da ita tayarod. Gargada da ƙura da rashin giris su ke cinye gaɓoɓin nan. Kowace ta ɗan saki kaɗan, in aka tara, sai ya zama da yawa a hannun direba.

Awo

Ka tsai da mota a wuri mai lebur, ƙafafu su dubi gaba sosai. In sitiyarin mai fawa ne, ka ta da inji. Ka juya shi a hankali da yatsa, hagu da dama, har ka ga ƙafa ta soma motsi. Ka auna tafiyar da bakin sitiyari ya yi a banza. A irin wannan Hilux kada ta wuce milimita 30, watau inci guda da ɗan kai. In ta wuce, akwai gyara.

Neman inda ciwo yake

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Sai su zarce wurin akwati su ɗaure sukurunsa, alhali kuwa ciwon yana wani wuri. Kai ka fara bincike tukuna.

Ka kashe inji, ka ja birkin hannu, ka sa weji. Ka sami abokin aiki ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama. Kai kuwa ka kwanta ka duba, ka ɗora hannu bisa kowace gaɓa. Inda ƙarfe ɗaya ya motsa ɗan'uwansa bai bi shi ba, nan ne ɓarna take. Ka duba mahaɗin sandar sitiyari da akwati. Ka duba notunan da suka riƙe akwati jikin shasi, gama sukan kwance, wani lokaci ma ƙarfen wurin ya tsage. Ka duba babban noti na hannun akwati.

Sa'an nan ka ɗaga gaban mota da jak, ka tokare ta da ƙarfen tokara ko guntun gungume mai ƙarfi. Ko kusa kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In ta yi ƙwas-ƙwas, ko boris ne ya saki, ko gaɓar da ke riƙe da ƙafa. Ka kuma kama ta gaba da baya ka girgiza. In ta motsa, ka tuhumi tayarod.

Sake tayarod

Gaɓar da ta cinye ba ta gyaruwa. Kada ka yarda a bubbuge ta da guduma ko a yi mata walda, sabuwa za ka saya. Sa'ad da kake kwance tsohuwar, ka ƙidaya juyi nawa ta yi kafin ta fita, ka sa sabuwar da juyi daidai haka. Ka ɗaure noti, ka zura masa sabon fil, ka buɗe bakin fil ɗin. Ƙusa ko waya ba ta maye gurbinsa. Bayan haka lalle ka kai mota a daidaita ƙafafun gaba, in ba haka ba taya za ta cinye ta gefe ɗaya.

Ɗaure akwati

In gaɓoɓi duka lafiya suke, sako-sakon kuwa yana nan, to, yanzu ka zo kan akwati. Ka duba mansa. Wanda ba na fawa ba, man giya mai lamba 90 yake sha. Bisa murfinsa akwai sukuru, da noti kewaye da shi. Ka miƙe ƙafafu sosai. Ka sassauta noti da sifana, ka juya sukuru ciki rubu'in juyi kaɗai, ka riƙe shi da sukudireba, ka ɗaure noti. Ka juya sitiyari daga iyaka zuwa iyaka, ƙafafu na sama. In da saura, ka ƙara kaɗan.

Ga abin da ya sa ake bi a hankali. An ƙera akwatin nan domin ya fi matsewa a tsakiya. In ka ɗaure ƙwarai, sai ya cije a nan, haƙoransa su ci juna, sitiyari kuma ya ƙi komowa da kansa bayan kwana. Wannan ya fi sako-sako hatsari. In ka ji ya cije, ka mai da sukuru baya. In kuwa sukuru ya ƙure, ciwon bai tafi ba, akwatin ya gama aiki, sai a sake shi.

Daga ƙarshe ka gwada motar a hankali inda babu jama'a, kafin ka ɗauki ko mutum ɗaya.

Tambayoyi

1. Milimita nawa ne iyakar tafiyar banza ta sitiyari?
2. Don me ake ƙidaya juyin tayarod?
3. Me ke faruwa in an ɗaure akwati ƙwarai?