Darasi na Goma Sha Biyu: Zuwa Wurin Aiki a kan Babur

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya bayyana amfanin babur da haɗarinsa, ya san sunayen sassan babur da Hausa, ya iya yin ciniki da ɗan acaɓa, sannan ya iya gina jimlolin umarni da na hani.

A. Karatu

Da sassafe, tun kafin rana ta yi zafi, titunan garuruwan Nijeriya sukan cika da babura. Ga malamin makaranta da jakar littattafansa, ga ma'aikaciyar asibiti da fararen tufafinta, ga magini da kayan aikinsa, kowa yana hanzari ya isa wurin neman abincinsa. Waɗannan matafiya iri biyu ne. Akwai masu hawa baburan kansu, akwai kuma masu biyan kuɗi a goya su a babur na haya.

Dalilan da suka sa ma'aikata suka rungumi babur ba ɓoyayyu ba ne. Na farko, kuɗinsa bai kai na mota ba, don haka mai ƙaramin albashi yana iya tara kuɗi ko ya shiga adashi ya saya. Na biyu, ba ya shan mai da yawa. Wannan dalili ya ƙara ƙarfi daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da gwamnatin tarayya ta sanar da cire tallafin man fetur, farashinsa ya tashi ƙwarai. Na uku, babur yana shiga lungunan da mota ba ta iya shiga, yana kuma ratsa cunkoson ababen hawa. A karkara ma, inda wasu hanyoyi ba su da kwalta, da babur malamai da ma'aikatan lafiya da yawa suke isa ƙauyukan da aka tura su.

Sana'ar haya da babur ta bunƙasa ne a shekarun 1980, musamman bayan shekarar 1986, sa'ad da tattalin arzikin ƙasa ya shiga matsi, motocin haya da kayan gyaransu suka yi tsada, matasa da yawa kuma suka rasa aikin yi. Hausawa suna kiran wannan sana'a acaɓa, mai yin ta kuma ɗan acaɓa. A Sakkwato da Jamhuriyar Nijar an fi cewa kabu-kabu. A kudancin Nijeriya kuwa okada ake cewa. Sunan ya samo asali daga kamfanin jiragen sama na Okada Air, wanda shi ma ya ɗauki sunansa daga garin Okada na Jihar Edo. Mutane sun kwatanta saurin babur cikin cunkoso da saurin jirgin sama, sunan kuma ya bi shi har yau.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Wanda yake cikin mota yana da ƙarfe da gilashi kewaye da shi, amma mahayin babur babu abin da ya raba jikinsa da kwalta. Ƙafa biyu kawai babur yake da su, saboda haka ɗan yashi, ko rami, ko man da ya zube a titi ya isa ya kayar da shi. Gudu kuma yana ƙara haɗarin. Babur da yake tafiyar kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Ke nan, idan mahayi ya ɗauke ido na daƙiƙa biyu don duba waya, ya yi tafiyar kusan mita 28 ba tare da ya ga gabansa ba. Haka kuma, idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da babur zai ci bayan an taka birki yakan ninka kusan sau huɗu. Raunin da ya fi kisa a haɗarin babur shi ne na kai, shi ya sa hular kwano take da muhimmanci.

Hukumomi sun daɗe suna ƙoƙarin tsara wannan harka. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a shekarar 1988. Doka ta ce sai wanda ya kai shekara 18 zai iya samun lasisin tuƙi, kuma dole babur ya kasance da rajista da lamba. Daga ranar 1 ga Janairu, 2009, hukumar ta fara tilasta wa mahaya da fasinjojinsu sa hular kwano. A lokacin, an ga wasu 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka don su yaudari jami'ai. Abin ya ba mutane dariya, amma ƙwarya ba ta iya kare kai daga kwalta.

Wasu gwamnatoci kuma sun taƙaita sana'ar, wasu sun hana ta. An hana acaɓa a tsakiyar birnin Abuja a shekarar 2006. Jihar Kano ta hana ta a watan Janairun 2013 saboda matsalar tsaro, abin da ya sa mutane da yawa suka koma hawa babur mai ƙafa uku, wanda Kanawa suke kira adaidaita sahu. Jihar Legas ta hana okada bin manyan tituna da dama a dokar da ta kafa a 2012, sannan ta ƙara faɗaɗa hanin a 2020 da 2022. Masu goyon bayan waɗannan matakai suna cewa sun rage haɗurra da laifuffuka. Masu suka kuwa suna cewa dubban matasa sun rasa sana'a, ma'aikata kuma suna shan wahalar tafiya a ƙasa. Don haka wajibi ne baƙo ya tambayi dokar garin da ya sauka kafin ya hau babur.

Mai zuwa aiki da baburinsa yana da nauyin da ya rataya a wuyansa tun kafin ya bar gida. Ya duba iskar tayoyi da birki da baƙin mai, ya tabbata fitila da sigina da madubi suna aiki. Ya sa hular kwano ya ɗaure igiyarta, domin hular da ba a ɗaure ba takan fita kafin mai ita ya kai ƙasa. Ya kuma lura da yanayi. Da damina titi yakan yi santsi, ruwa kuma yakan ɓoye ramuka. Da hunturu hazo yakan hana ganin nesa, sai a kunna fitila ko da rana ne. A kan hanya, ya nisanci gefen manyan motoci, musamman wajen kwana, saboda sau da yawa direbansu ba ya hango babur a madubi.

Fasinja ma yana da nasa aikin. Ya tattare tufafinsa, domin babbar riga ko mayafi ko hijabi yana iya shiga cikin taya ko sarƙa ya fizgo mutum ƙasa. Ya kiyaye ƙafarsa daga salansa, don tana da zafi ƙwarai. Kada ya yarda a yi masa goyon biyu, kada kuma ya ji kunyar cewa a rage gudu.

Yawancin masu gudun ganganci da safe tsoron makara ne yake kora su. Maganin makara kuwa yana gida: a kwanta da wuri, a shirya kaya tun da dare, a fita da sauran lokaci. Wanda ya makara da minti goma yana iya ba shugabansa haƙuri, amma wanda ya karye a hanya zai yi watanni bai je aikin ba, kuɗin da ya yi tattali kuma su ƙare a asibiti. Hausawa suka ce, "Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba."

B. Ma'anar Kalmomi

Acaɓa: sana'ar ɗaukar mutane a babur don kuɗi.
Goyo: ɗaukar mutum a bayan babur ko keke.
Cunkoso: taruwar ababen hawa ko mutane a wuri ɗaya har tafiya ta yi wuya.
Lungu: ƙaramar hanya matsattsiya a tsakanin gidaje.
Hular kwano: hula mai tauri da mahayin babur yake sawa don kare kansa.
Salansa: bututun da hayaƙin babur yake fita ta cikinsa.
Ganganci: yin abu mai haɗari da sani, ba tare da kula ba.
Santsi: sulɓin da yake sa ƙafa ko taya ta zame.
Makara: rashin isa wuri a kan lokaci.
Kowane allazi da nasa amanu: kowane abu mai amfani yana da tasa matsalar.

C. Tattaunawa

Fasinja: Mai babur! Sannu da aiki.
Ɗan acaɓa: Yauwa, Hajiya. Ina kwana? Ina za a kai ki?
Fasinja: Lafiya lau. Babban asibiti za ni. Nawa ne?
Ɗan acaɓa: Naira ɗari biyar.
Fasinja: Haba, Malam! A yi mini ragi mana.
Ɗan acaɓa: Ai mai ya yi tsada, Hajiya. To, kawo ɗari huɗu.
Fasinja: Na yarda. Akwai hular kwano?
Ɗan acaɓa: Ga ta. Ki ɗaure igiyar, ki kuma tattare mayafinki.
Fasinja: To. Don Allah kada ka yi gudu.
Ɗan acaɓa: In sha Allahu. Kin zauna daidai?
Fasinja: Na zauna. Mu je.
Ɗan acaɓa: Mun iso, Hajiya. Ki kula da salansa.
Fasinja: Na gode. Ga kuɗinka. Allah ya ba da sa'a.
Ɗan acaɓa: Amin. A tashi lafiya.

D. Nahawu: Umarni da Hani

Idan za a ba mutum umarni, ana sa wakilin suna kafin aikatau: ka ga namiji, ki ga mace, ku ga mutane da yawa ko ga babban mutum don girmamawa. Idan za a hana, sai a fara jimlar da kalmar kada.

Ka rage gudu. Kada ka yi gudu.
Ki hau babur. Kada ki hau babur.
Ku tsaya a nan. Kada ku tsaya a nan.

Ana ƙara "don Allah" domin nuna ladabi. Idan kuma umarnin na kowa da kowa ne, sai a yi amfani da a, kamar haka: A sa hular kwano. Kada a yi waya a kan babur.

Ku lura da jam'in waɗannan sunaye: babur, babura, taya, tayoyi, titi, tituna, hula, huluna, fasinja, fasinjoji, ɗan acaɓa, 'yan acaɓa.

E. Tambayoyi

1. Kawo dalilai uku da suka sa ma'aikata suke zuwa aiki a kan babur.
2. Daga ina sunan okada ya samo asali?
3. Mita nawa babur mai tafiyar kilomita 50 a awa yake ci a daƙiƙa ɗaya?
4. Me ya faru ranar 1 ga Janairu, 2009?
5. Me ya sa ake so fasinja ya tattare tufafinsa?
6. Bayyana ma'anar karin maganar da aka rufe karatun da ita.

F. Aikin Yi

1. Mayar da waɗannan jimloli zuwa hani: (a) Ka ɗauki mutum biyu. (b) Ki sauka a tsakiyar titi. (c) Ku bi bayan babbar mota.
2. Ku kasu biyu-biyu ku gwada tattaunawar da ke sama, kuna sauya wurin zuwa da farashi.
3. Ku yi muhawara a aji a kan wannan batu: "Hana acaɓa a manyan birane ya fi barin ta amfani."
4. Rubuta jimloli goma a kan yadda mutanen garinku suke zuwa wurin aiki, ka faɗi sunan da ake kiran babur na haya da harshenku.