FILIN MANOMA: Matacin Ruwan Ƙazanta Da Abin Da Ke Toshe Shi

Duk wanda ya bi gaɓar Jakara a Kano da rani ya ga lambuna kore shar, latas da alayyafo da kabeji, ana ba su ruwan da ya fito daga kwatamin birni. Ruwan nan yana da taki, shi ya sa ganye ke son sa. Amma kuwa yana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin zawo, waɗanda ke kama mai ban ruwa da mai sayen ganyen a kasuwa. To, yau za mu yi karatu a kan wata dabara ta gyara irin wannan ruwa, da kuma babbar cutar da ke damun dabarar.

Ga yadda abin ya ke. A kan gina babban tanki, a rufe shi ruf yadda iska ba za ta shiga ba, a riƙa zuba ruwan ƙazanta ciki. A cikin tankin akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, 'yan'uwan waɗanda ke cikin tumbin saniya suna narkar mata da ciyawa. Su ne ke cinye ƙazantar, su fid da gas mai cin wuta, wanda a ke dafa abinci ko a ta da inji da shi. Sun fi jin daɗin aiki in ɗumin tankin ya kai kamar digiri 35, saboda haka ƙasashen zafi irin namu sun dace da su.

Sai dai halittun nan ba su da saurin yaɗuwa. In aka bar su suka bi ruwa suka fita, aiki ya tsaya. Don haka aka sa mataci a bakin mafita, na wata irin roba, shimfiɗaɗɗe kamar takarda ko kuwa siriri kamar zare mai rami a ciki. Hudojinsa ƙanana ne ƙwarai, waɗansu ba su wuce kashi 1 cikin 10,000 na milimita ba, watau sun fi silin gashi ƙanƙanta sau ɗaruruwa. Ruwa ya wuce, halittun da ƙwan tsutsa da yawancin ƙwayoyin cuta su tsaya. Naitirojin da fosfaras kuwa, su da mu ke saye da tsada a buhun takin zamani, narkakku ne, suna bin ruwan su fita. Ka ga manomi ya sami ruwa da taki gaba ɗaya.

Dabarar ba ta yau ba ce. Wani masani a Amurka, Grethlein, ya gwada ta da ruwan tankin masai a 1978. A Afirka ta Kudu kuma, tun wajen 1990 aka gyara ruwan wata ma'aikatar sarrafa masara da ita. Abin da ya hana ta bazuwa ko'ina shi ne toshewar mataci.

Tambayi uwargida mai tatar gasara. Da fari ruwa na zuba ta ƙyalle shar-shar, jim kaɗan dusa ta taru, sai ta matsa da ƙarfi kafin ya ɗiga. Haka ya ke a tankin nan, amma masu toshewar iri huɗu ne.

Na ɗaya, laka. Halittun da guntayen ƙazanta kan taru a fuskar mataci su yi kauri kamar ɓawon tuwo a gindin tukunya. Galibi ita ce ta fi tare hanya.

Na biyu, yauƙi. Halittun nan kan fid da wani abu mai danƙo daga jikinsu. Wanda ya taɓa gwada tace miyar kuɓewa ya san sauran labari. Yauƙin nan ne ke manne lakar ta ƙi fita.

Na uku, 'yan mitsi-mitsin abubuwa da girmansu ya yi daidai da huda, su kan kutsa ciki su maƙale.

Na huɗu, tsatsar gishiri. Kamar farin abin nan da ke kama cikin butar shayi in ana dafa ruwan rijiya, haka waɗansu gishirai ke daskarewa a jikin mataci su taurare kamar dutse.

Alamar toshewa ɗaya ce: famfo na ƙara wahala, ruwa na raguwa. Mai kula da injin yana da agogon da ke nuna masa ƙarfin zuƙar, in ya ga allura na hawa ya san halin da a ke ciki.

Magani fa? Na farko, a kan mai da gas ɗin da tankin ya haifa a hura shi ta ƙarƙashin mataci, kumfarsa ta riƙa kaɗe laka. Yana aiki, amma a yawancin injunan shi ya fi ko wane abu cin lantarki, har ya kan cinye ribar gas ɗin. Na biyu, a kan tsai da famfo 'yan mintoci mataci ya huta, ko a turo ruwa mai kyau ta baya ya kore abin da ya maƙale. Na uku, in abin ya gagara sai wanki da magani: bilic da soda don yauƙi, ruwan tsami irin na lemo don tsatsar gishiri. Amma yawan wankin nan na tsofar da mataci, sabo kuwa kuɗi ne masu yawa. A 2011 waɗansu masana na Koriya ta Kudu tare da Farfesa McCarty na Amurka suka nuna wata hanya mai sauƙin lantarki, watau a zuba tsakin gawayi na musamman, ruwa ya riƙa juya shi yana goge mataci.

Duk da haka rigakafi ya fi magani. Masana sun gane cewa ko wane mataci yana da iyakar ruwan da zai iya wucewa ta cikinsa. In aka tsaya ƙasa da iyakar nan ya kan daɗe bai toshe ba, in aka matsa masa don haɗama sai ya toshe nan da nan. Sannu ba ta hana zuwa. Kuma lalle a sa raga a gaba ta tare gashi da tsumma da leda, a hana mai da kitse shiga.

Gargaɗi guda ga masu lambu. Matacin nan ba ya tare abin da ya narke sarai cikin ruwa, kamar gishiri da waɗansu magungunan jima da ke fitowa daga ma'aikatun fata. Ruwa ya yi garau ba shi ne ya zama na sha ba, kuma ruwan ma'aikata sai an auna shi kafin a kai shi gona.

Saboda haka, malaman ofis da 'yan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin manoma, ran da aka zo muku da tallan irin wannan inji, kada ƙyallinsa ya ruɗe ku. Ku tambaya: kwana nawa mataci ke yi kafin wanki? Nawa ne kuɗin lantarki da magani a shekara? In ya mutu ina za a sami wani, wa kuma aka koya wa gyaransa? Wanda ya kasa amsa waɗannan, ku riƙe kuɗinku.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.