Robar da ke mayar da zafin jiki wutar lantarki: yadda take aiki da inda ta tsaya

A shekarar 1998 kamfanin Seiko na Japan ya fitar da agogon hannu mai suna Thermic, wanda ke cajin kansa da ɗumin fatar mai shi. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1821 wani masani Bajamushe, Thomas Seebeck, ya gano cewa idan aka haɗa ƙarfe iri biyu, mahaɗa ɗaya ta fi ɗayar zafi, lantarki na gudana a cikinsu. Wato ba zafin kansa ke ba da wuta ba, tazarar da ke tsakanin gefen zafi da gefen sanyi ce.

Sinadarin da aka fi amfani da shi wajen wannan aiki shi ne bismuth telluride. Yana ba da wuta daidai gwargwado, amma ba ya lanƙwasuwa, da an matsa masa sai ya tsage, ga kuma tsada. Abin da zai manne a fata, a yi ta motsi da shi duk wuni, dole ya zama mai laushi. Nan ne roba ta shigo.

Kowa ya san roba ce ake naɗe waya da ita don hana wuta ja. Amma a 1977 Hideki Shirakawa da Alan Heeger da Alan MacDiarmid suka nuna cewa wata irin roba, idan aka shigar mata da aidin, tana ɗaukar lantarki. Wannan aiki ya ba su kyautar Nobel a 2000. Wadda ta fi shahara a yau ita ce PEDOT:PSS, wadda ta samo asali daga kamfanin Bayer na Jamus. Tana zuwa ne cikin ruwa mai duhun shuɗi kamar tawada, don haka ana iya buga ta a kan leda ko a rina zare da ita a saka cikin yadi. Wani alherinta shi ne zafi ba ya ratsa ta da sauri, sai gefen sanyi ya daɗe da sanyinsa.

Matsalar tana cikin lissafi. A kowane digiri ɗaya na tazara, bismuth telluride na ba da kimanin maikirobolt 200, PEDOT:PSS kuwa kimanin 20. A ce tazarar digiri 5 ce: sili ɗaya na robar zai ba da maikirobolt 100 kacal. Kafin a kai bolt ɗaya sai an jera sili dubu goma. Ga shi kuma ana buƙatar roba iri biyu a kowace mahaɗa, mai ɗaukar caji mai kyau da mai ɗaukar kishiyarsa, ita ta biyun kuwa iska da laima na saurin lalata yawancin nau'o'inta.

Sai batun yanayi, wanda masu talla ba su cika faɗa ba. Fatar mutum tana wajen digiri 33. A Siwidin, inda masu bincike na jami'ar Linköping suka yi fice a wannan fanni, iskar waje ta fi fata sanyi kusan duk shekara. A Sakkwato ko Yamai cikin watan Afrilu, zafi na haura 40. Yayin da iska ta yi daidai da fata, na'urar ba ta ba da komai. Lokacin hunturu ne za ta fi aiki.

Don haka duk wanda aka yi wa tallar rigar da ke cajin waya da zafin jiki, ya riƙe kuɗinsa tukuna. Abin da wannan roba za ta iya ɗauka a yanzu shi ne ƙananan na'urori masu cin wuta kaɗan, kamar mai auna bugun zuciya ko zafin fata, wadda ke farkawa ta ɗauki awo, ta aika, ta koma barci.